Kakan Cikin Waya

"Baba, ina kwakwar?"

Nana Khadija ta ɗaga shafin kalandar da ta yago daga bangon ɗakinsu, ta dube shi, ta dubi tsibirin da ke tsakiyar Nilu. A hoton akwai farin yashi da shuɗin ruwa da bishiyar kwakwa. A gabanta kuwa ayaba ce da ciyawa, sai wani jaki a bakin ruwa, tsaye yana tunanin duniya.

"Sai mun tsallaka tukuna," in ji ubanta, Abdulbasit. Matarsa Husaina ta sa bakin mayafi ta rufe dariyarta.

Wata uku yarinyar tana damunsa da wannan hoto, har ranar da ya gaji ya ce zai kai ta. Alkawari kaya ne, kuma ɗalibin da ke haya a Giza, gefen Alƙahira, ba shi da tsibirin da ya wuce Jazirar Dahab, mota ɗaya daga gida. Gaskiyar magana, shi ma yana son fitar. Ya kammala digirinsa na biyu, wani ofishin fassara a unguwar Dokki ya yi masa tayin aiki na shekara uku, jibi Lahadi suke son amsa. In ya karɓa, babu zuwa gida nan kusa. Rabonsa da Yawuri shekara takwas, aurensa ma a Alƙahira aka ɗaura, tsohonsa bai taɓa ganin jikar nan ba. Husaina ta yi maganar zuwa gida har ta daina, kuma shirun nata ya fi maganar damunsa.

Wani tsoho mai suna Hamad ne ke fito da mutane a ƙaramin jirgi mai inji. Da Abdulbasit ya ɗaga Nana zai sa ta ciki, sai hannunsa na dama ya nufi ruwa da kansa. Ya janye shi. A gidansu, can gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar kogin Kwara, yaro ba ya shiga jirgi karon farko sai kakansa ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya shafa masa a ka. Aikin kaka ne, uba ba ya yi. Ya goge busasshen hannun a jallabiyarsa ya zauna. Husaina ta gani.

Kwakwa dai ba a samu ba, amma ba a yi minti goma ba Nana ta manta da ita. Tsibirin babu mota ko ɗaya. Ga dogayen benayen birni can ƙetare, nan kuwa kashin shanu da kukan zakara. Yarinyar da ta tashi a hawa na biyar ta tsuguna gaban kabeji, ta tambayi wanda ya ajiye shi a ƙasa. Ta ga wata mata tana tatsar baƙar saniyar nan mai kama da ɓauna, ta rantse ba za ta ƙara shan madara ba. Ta tambayi dalilin da ayaba ke kallon sama, da ko jaki yana da suna, da inda agwagwa ke ajiye takalmanta.

Abin da ya ba Husaina mamaki shi ne maigidan nata. Mutumin da ko ƙwan lantarki sai an kira masa makanike, ga shi yana murza ƙasa da yatsu yana shinshinawa, yana tsayawa gaban masunta yana duban idon komarsu ta kamun kifi.

"Malam, ashe ka iya tambaya kamar 'yarka," ta ce.

"Ƙullinsu daban ne da namu," ya ce, bai ko ji zolayar ba.

Bayan la'asar suka koma jirgi, su uku da wasu mata biyu masu kwandunan ganye. Suna tsakiyar ruwa injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Hamad ya ja igiya, ya sake ja, ya zagi injin har kakansa, shiru. Ruwa ya fara jan su arewa a hankali, mashigin da za su sauka yana komawa baya. Matan suka hau salati. Tsohon ya zaro filafilin tuƙi ɗaya daga ƙarƙashin benci, ɗayan ya ce ya karye tun makon jiya. Irin tuƙinsu na hannu biyu ne, da guda ɗaya sai jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya. Nana ta ƙanƙame uwarta, takardar kalandar ta faɗa ruwa.

Abdulbasit ya cire takalmansa. "Ma'alish, ba komai, ya Amm Hamad, ba ni nan."

Tsohon ya dubi farar jallabiyar da tabarau da hannuwan da ba su san komai ba sai alƙalami. Ya miƙa masa dai, don babu yadda zai yi.

Abdulbasit ya koma can ƙarshen jirgin ya durƙusa. Filafilin katako ne mai nauyi, ba irin nasu ba, bugun farko ya watsa wa matan ruwa suka yi masa ca. Na biyu ya shiga daidai. Ya ja, ya murɗa shi a ƙarshe don kan jirgin ya tsaya, ya karkata shi ya fuskanci inda ruwan ke zuwa, ya bar kogin da kansa ya tura su gefe. Bai yi tunanin ko ɗaya daga cikin wannan ba, kafaɗunsa ne suka tuna. Daɗi ya kama shi har ya ji kunya.

"Tamam! Tamam!" Hamad yana tafawa. "Shehi, a wace makaranta ake koyar da wannan?"

Nana ta saki uwarta, ta rarrafo kusa da shi, ta zuba masa ido. "Baba, wa ya koya maka?"

"Babana. Kakanki."

"Kaka na cikin waya?"

"Shi."

Ita dai abin da ta sani, duk Sallah wata murya mai karkarwa kan fito daga waya ta sa mata albarka, sai ta ɗauke. Ta dubi hannuwan ubanta a kan filafilin.

"Yana da hannu?"

Husaina ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta ga fuskar mijinta, ta fasa. Maganar ta soke shi. Ya rasa bugu ɗaya, jirgin ya karkace, ya gyara shi.

"Yana da hannu," ya ce. "Ya fi nawa girma."

Suka taɓa gaɓa can ƙasa da mashigin, cikin ciyayi. Tafin hannunsa duk ya yi bororo. Bai ko sa takalmi ba ya ciro waya ya kira ƙanensa Zubairu, wanda ke cikin garin Yawuri, shi ne mai kai wa tsohonsu waya gungu.

"Zubairu, gobe ka tsallaka wurin Baba. Ka ce masa ya sa a liƙe jirgin nan, kafin azumi akwai baƙuwar da zai shigar." Ya saurara. "E, dukanmu. Khalas, na gama."

Husaina ta sunkuya tana kakkaɓe wa Nana riga, rigar da ba abin da ya same ta.

"Kuma Zubairu," ya rage murya, "kada ka kuskura ka gaya masa ta riga ta shiga na Nilu."