Sai Yakaka Ta Ɗanɗana

Tun ranar da uwar Gwadabe ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba, yaron bai ƙara sa komai a baki ba sai kakarsa Yakaka ta ɗanɗana. Kunu ne, kifi ne, ko ruwan randa, ita ce gaba. Ita ma ta ɗauki tata ɗabi'ar a ɓoye: in ya yi barci sai ta kai yatsa ƙarƙashin hancinsa, ta ji numfashi, sannan hankalinta ya kwanta. 'Yan ƙauyensu suna cewa ta ɓata shi. Ta ɓata shi ɗin, ba ta kuwa da niyyar gyarawa.

Da ƙabar da ke damunsa ta matsa, aka ɗauko su a kwalekwale ta kan fadamun shinkafa zuwa Haɗeja, don an ce likita Bature ya zo rangadi yana yi wa mutane aiki. Aka hana yaron abinci tun jiya, ita ma ta hana kanta. Rabonta da barcin kirki kuwa har ta manta.

Da hantsi malamin asibiti, Malam Shu'ibu, ya zo da kwalba da cokali.

"Iya, wannan hankalinsa zai kwantar, ya rage masa zafi, ya yi gyangyaɗi. Kada ya firgita in an sa masa na barcin a hanci can ciki."

Barci. Ita kuwa ta san barcin da ba a tashi.

Gwadabe ya datse baki. "Matata ta fara."

"Ka ji mijin nawa da mulki," in ji Yakaka. Kafin Malam Shu'ibu ya ankara ta kama cokalin ta kurɓe.

"Ba ki haɗiye ba, na gan ki," in ji Gwadabe.

Ta haɗiye sarai, amma wa zai yi musu da maigida? Malam na sake cikawa yana cewa, "Iya, ai ba naki ba ne," ta sake kurɓewa, ta wangame baki ya leƙa. Sai a na uku ja'irin ya sha.

Ta riƙe hannunsa. "In ka buɗe ido ni za ka fara gani, idona biyu. Na yi maka alkawari."

Aka ɗauke shi yana lumshe ido. Ta zauna a tabarma gefen gadon, ta jingina da bango, wai za ta ja carbi. Magani ya tarar da cikin da babu komai, ko salati ba ta kai ƙarshe ba.

Da ta farka rana ta yi la'asar. Kunya ta fara kama ta, sannan tsoro. Sai ta ji wani abu yana taɓa mata leɓe.

Gwadabe ne kwance a gadon, cikinsa ɗaure da bandeji, ya zuro hannu ƙasa, yatsarsa a ƙarƙashin hancinta. Malam Shu'ibu na tsaye yana murmushi.

"An gama lafiya, Iya. Na so in tashe ki, ya hana."

Ta buɗe baki za ta nemi gafara, yaron ya riga ta.

"Kina numfashi, Kaka. Tun ɗazu nake dubawa, yadda kike mini."

Ashe ya sani. Yakaka ta kama yatsar ta riƙe, hawaye na zuba, ta kasa ko tsokanarsa.