Tambayar da Ke Ƙasan Sharhin

Wata goma sha huɗu ke nan da Yaya ya rufe ƙofar ɗakinsa. Kowa a gidan, Yaya yake ce masa, har uwar da ta haife shi, tun lokacin da ƙanwarsa ta fara magana. Gidan a hawa na uku yake, ɗaki uku da falo, nasa ne na ƙarshe bayan an wuce kicin. Sai kowa ya fita aiki yake fitowa ya zaga bayi. Da jiƙaƙƙen silifas ake ganewa.

Kafin haka a wata maɗaba'a yake aiki, shi ne mai duba rubutu kafin a ɗora a inji. Wata rana aka buga littafi kwafi dubu uku, shafi ɗaya a juye. Bayan ya sa hannu ne shugaban ɓangaren ya sauya takardun, amma shugaban ya tara ma'aikata a gaban inji, ya ɗaga littafin yana kwaikwayon muryar Yaya, aka yi ta dariya. Wani ya ɗauka a waya, abin ya zaga. Yaya ya dawo gida, ya wanke hannu, ya shiga ɗaki.

A wata na uku uban ya taɓa dukan ƙofar da tafin hannu. Daga ciki aka yi magana sau ɗaya: "Duk ranar da aka taɓa ƙofar nan, ba za ku ƙara ganina ba." Tun daga nan ba wanda ya sake jin muryarsa. Uwar ba ta ɗauki maganar a matsayin barazana kawai ba. Ta san ɗanta ba ya faɗin abu sau biyu.

Ranar Litinin da safe uban yana ɗaure takalmi, direban bas ne, ya ce, "Maman Yaya, na yi magana da kafinta. Asabar zai zo ya cire ƙofar."

"Ka manta abin da ya ce?"

"Ban manta ba. Yanzu ɗin ganinsa muke yi? Ke dai kin mayar da gidan nan otal ɗinku, tire ya shiga, tire ya fito."

Ƙanwar tana shan shayi a tsaye, da farar rigar kantin magani a jikinta. Ta ce, "Saura mu rataya masa ɗan allon nan na kar a dame ni."

Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta jira ba. Uwar ta ɗauki tiren burodi da ƙwai ta kai bakin ƙofar, ta ƙwanƙwasa sau biyu da ɗan yatsa yadda ta saba, ta tafi.

A ɗakin wanki na wani otal take aiki, ɓangaren guga. Shekara uku ke nan kuma tana zuwa ajin manya bayan an tashi aiki, sau uku a mako. Malamarsu tana da doka biyu. Duk takardar da ta shigo hannunki ki karanta, ko ta kunshin sabulu ce. Sannan ba a barin tambaya babu amsa: in aka gama karatu aka ga tambaya a ƙasa, ko ba ki sani ba, ki rubuta abin da kike gani.

Ranar Talata da ta dawo ta ɗauki tiren, sai ta ga ya tara ɓawon ƙwai a kan wata takarda. Ya saba haka, ita kuma ta saba naɗewa ta zubar. Wannan karon ta kakkaɓe ɓawon, ta miƙar da takardar. Bugun inji ce, an bi ta da jan biro, nan da'ira, can layi. Ta ninke ta sa a jaka.

Washegari da aka ba da hutun rana ta zauna a kan kwandon zanin gado, tururi yana tashi a bayanta, ta ɗora yatsa a layin farko. Abokiyar aikinta, wadda ake kira Sitaci, ta leƙo.

"Iye! Wasiƙar soyayya da tsufa? Direba ya sani?"

"Je ki, gugarki na ƙonewa."

Ta yi minti arba'in kafin ta kai ƙarshe. Ga abin da ta karanta:

"Kashi na tara shi ne mafi kyau a jerin nan. Kamar kullum, masinjan nan marar fuska ya zo a kekensa da tsakar rana, ana ruwa. Wanda aka zalunta yana rubuta sunan azzalumin, masinja ya kai wasiƙar, daga ranar duk sa'ad da azzalumin ya buɗe baki kukan wancan ne zai fito. Sharaɗin shi ne duk wanda ya san mai wasiƙar zai manta da shi. A wannan kashin mai sayar da tikiti ce a tashar jirgi, maigidanta ya kunyata ta a gaban fasinjoji, ta shige ɗaki shekara biyu. Masu zanen sun yi dabara, minti shida ba kiɗa, sai ƙarar fanka. Launin ɗakin yana dusashewa a hankali har ba ka san lokacin da ya koma toka ba. Ramuwar kanta ba ta burge ni ba, an yi ta da gaggawa. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙarshe, inda uwar ta zo wucewa ta kalli ƙofar, ta ce wannan ɗakin na mene ne, ta sa aka jingina kabad a jikinta. Wasu za su ce abin tausayi ne. Ni ina ganin yarinyar ta huta, gidan ma ya huta. Wanda ya riga ya rufe ƙofa, me zai yi asara in aka manta da shi?"

Ta ninke takardar ta mayar jaka. Da aka tashi aiki ba ta je aji ba, ta wuce kantin maganin, ta jira layi ya ragu, ta miƙa wa 'yar.

"Duba min. Wa zai aika wa wasiƙa? Shugaban nan nasu?"

Yarinyar ta duba, ta yi ajiyar zuciya. "Mama, ba wasiƙa ba ce. Sharhi ne. Katun ne na Japan, anime ake ce masa, kowane mako ana sakin kashi ɗaya. Shi kuma in ya kalla sai ya rubuta ra'ayinsa ya sa a intanet."

"Katun irin na yara?"

"Wannan in yaro ya kalla sai ya yi fitsarin kwance."

"Su wa yake rubuta wa?"

"Mutum goma sha ɗaya ke bin shafin. Ni ce ta sha biyu, bai sani ba." Ta mayar da takardar. "Bugawa yake yi ya gyara da biro kafin ya sa. Aikin ya bar shi, shi bai bar aikin ba."

"To tambayar fa? Wa ya amsa?"

"Ba a amsawa, Mama. Ado ne kawai na rufe magana."

Uwar ta dawo gida, ta ɗora tukunya, ta zauna a teburin kicin da fensirinta na aji. Akwai fili kamar faɗin yatsu huɗu a ƙasan tambayar. Ta ja layi biyu da gefen murfin roba don kada rubutun ya karkace, ta rubuta da manyan baƙaƙe:

"Amsa. Wanda ya zana abin nan bai taɓa dafa wa gida abinci ba. Ko kan uwar ya manta, hannunta zai ci gaba da auna shinkafar mutum huɗu. Kullum za a yi ragowa, ba ta san dalili ba. Ba ta huta ba."

Ta sa takardar a ƙarƙashin faranti, ta ƙwanƙwasa sau biyu.

Da safen Alhamis tiren yana waje, takardar a kai, ba ɓawon ƙwai. Ya yi da'ira a kalma biyu da ta rubuta ba daidai ba, ya gyara a gefe. A ƙasa, da jan biro: "Ba haka aka nuna ba. An nuna ta tana dariya a tebur, faranti uku."

Wata goma sha ɗaya rabon da wata kalma ta fito daga ɗakin. Ta karanta layin sau uku a tsaye, sannan ta ninke ta tafi aiki don kada ta makara. Ranar ta ƙona hannun wata riga, abin da ta yi shekara shida ba ta yi ba. Sitaci ta ce lallai wasiƙar nan ta soyayya ce.

Da yamma ta juya bayan takardar ta rubuta: "Dariya a tebur ba shaida ba ce. Ni ma ina yi. Faranti uku aka nuna, an nuna cikin tukunya?"

Amsar Juma'a ta fi tsawo. Ya ce ba a nuna tukunya ba, amma mai sharhi ba ya hukunci da abin da ba a nuna ba. Ya ce ba ta fahimci tsarin labarin ba, sharaɗin masinja ba ya barin ragowa, an kafa wannan tun kashi na biyu. Rubutun ya cika gefen takardar har ya hau sama a karkace.

Ta ga uban ya auna tsawon ƙofar da ido da zai wuce. Ta ce, "Baban Yaya, ka ƙara mini mako ɗaya."

"Mako nawa na ƙara? Ƙarfe tara kafinta zai zo."

Ba ta nuna masa takardar ba. Ta san zai karanta tambayar, ba zai karanta sauran ba. Ta nemo sabuwar takarda daga littafinta na aji, ta rubuta: "Malamarmu ta ce ba a gardama a kan karatun da mutum bai yi ba. Ban ga abin ba. In na gani na ga ba ragowa, zan rubuta cewa ka fi ni gaskiya." Ta yi tunanin ƙara maganar kafinta. Ta bari. Bangon gidan ba kauri, ya riga ya ji.

Asabar ba ta da aiki. Ƙarfe takwas da kwata ta kawo tire, ta tarar da takardar an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Layi ɗaya ne: "Minti ashirin da huɗu ne. Ki kawo kujera."

Ta ajiye tiren, ta ɗauko 'yar kujerar kicin ta zauna. Makulli ya juya. Ƙofar ta buɗe kamar kamu ɗaya da rabi, ta yi ƙara. Aka turo ƙaramin tebur zuwa bakin ƙofar, kwamfuta a kai, fuskarta tana kallon waje. Shi yana bayan ƙyauren. Hannunsa kawai ta gani, ya yi fari, farcen ya yi tsawo. Ɗakin yana warin rufaffen wuri. Ba ta leƙa ba.

Hoton ya fara. Ruwan sama, keke, mutum da jaka ba fuska. Suna magana da yarensu, fassara tana fitowa a ƙasa tana ɓacewa. Ta kai yatsa kusa da gilashin, kafin ta haɗa kalma ta biyu layin ya tafi.

Ta ce, ba tare da ta juya ba, "Rubutun yana gudu. Ban kai nan ba a aji."

Hannun ya tsayar da hoton. Sannan ya mayar da shi farko, aka yi gyaran murya a bayan ƙyauren.

"Ta ce, tikiti nawa za a ba ka." Muryar a dishe take, kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. "Shi kuma ya ce, biyu."

Ƙanwar ta fito daga wanka da tawul a ka, ta tsaya cak. Uwar ta ɗaga mata hannu ba tare da ta kalle ta ba. Yarinyar ta koma da baya a kan yatsun ƙafa.

Tara saura minti biyar aka buga ƙofar falo. Uban ya shigo da kafinta, wani gajeren dattijo da jakar kayan aiki a kafaɗa. Suka zo daidai kicin suka tsaya. A lokacin an kai wurin da ba kiɗa, sai ƙarar fanka, ba abin karantawa. Daga nan yarinyar cikin hoton ta ɗauki alƙalami, muryar ta ci gaba: "Ta ce, na yarda da sharaɗin."

Kafintan ya dubi ƙofar, ya dubi uban. Ya rage murya. "Maigida, wacce ce ba ta buɗuwa?"

Uban yana kallon hannun da ke gefen teburin. Ya shafa gemu, ya ce, "Zo ka duba min ta kicin, tana cijewa."

"Ta kicin lafiyarta lau, ga ta a buɗe."

"Ka dai duba."

Suka shiga kicin. Ana jin kafintan yana buɗe ƙofar yana rufewa, yana neman abin da zai gyara.

A hoton, uwar yarinyar ta zo wucewa ta kalli ƙofa, aka kawo kabad. Sai tebur, faranti uku, dariya. Matar ta tashi ta kwashe kwanuka ta nufi kicin, hoton ya yanke, kiɗan ƙarshe ya taso.

Muryar ta ce, "Kin gani. Ba ragowa."

"Ban gani ba. Sun yanke kafin ta buɗe tukunyar."

"Mama, ba a yin sharhi haka."

"To mayar da shi baya kaɗan. Wurin da ta tashi. Akwai abin da ta riƙe a hannun hagu."

Hannun ya yi jim a kan teburin. Shayin da ke tire ya riga ya huce. Ya ja hoton baya, ya ƙara tura ƙofar kaɗan da ƙafa don shi ma ya gani.