Mota Ta Huɗu

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana tuƙa motar 'yan kwana-kwana, mota ta huɗu. Bayan ya yi ritaya idonsa ya fara dushewa, sai kuma Inna ta rasu. Gidan ya zama daga ni sai shi. Da safe in tafi shagon guga, da yamma in tarar da shi inda na bar shi, kan kujerar roba a gindin taga, shayinsa ya huce.

Ni na sayo masa oba-oban, rediyon hannun nan da ma'aikata ke magana da juna. Mai gyaran rediyo ya kamo min tashar 'yan kwana-kwana, ya ce, "Saurare kawai fa. Maɓallin nan na gefe kada a taɓa shi. Kuma ba ka san ni ba."

Baba ya farfaɗo. Kullum da labarin da zai tare ni da shi. In wata murya ta fito sai ya ce, "Ka ji Dogo, ni na koya masa tuƙi. Har yau magana yake kamar mai mura."

Ran wata Talata da azahar, ina shago, matar da ke rarraba kira ta ce, "Mota ta huɗu, gobara a layin kafintoci." Ta sake faɗa, shiru, ashe mutanen motar sun sauka suna cika tanki. Baba ya ce min bai san sanda yatsansa ya danna maɓallin ba.

"Mota ta huɗu, an ji. Muna hanya."

Matar ta ɗauka an tafi, ta koma kan wani kiran. Sai bayan kusan rabin awa aka gane babu wanda ya motsa. Shago biyu suka ƙone. Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Da aka sake sauraron maganar, Dogo ya gane muryar. Shi ya rako wani jami'insu zuwa gidanmu, kansa a ƙasa.

"Oga, ina wuni?"

"Dogo! Sai na yi laifi za ka tako gidana?"

Jami'in ya ce shiga layinsu ba da izini ba laifi ne, yin magana a kai kuma ya fi muni, tara ce ko ɗauri. Ya tambayi wanda ya sayo.

Na ce, "Ni ne, yallaɓai. Ni ne ma na yi maganar."

"Kai, yi mana shiru," in ji Baba. "Wannan 'yar muryar taka wa zai ɗauka ta direba ce? Ni ne."

Jami'in ya naɗe oba-oban a leda, ya ba mu sammaci. Suna bakin ƙofa Baba ya ce, "Dogo, birkin nan na mota ta huɗu, an kuwa gyara?"

"An daɗe da sayar da ita, Oga. Lambar ce kawai aka sa wa sabuwa."

Ranar kotu Baba ya sa na ciro tsohuwar rigar aikinsa daga akwati. Na goge ta sau biyu, ina tunanin wa zai riƙe masa hannu a gidan yari. Alƙali ya dubi rigar, ya dubi idonsa, ya ci mu tara, ya ce oba-oban ya tafi ke nan, in aka kuma ɗauri ne. A waje Baba ya sa na kai shi wajen kafintocin nan biyu. Ɗaya ya karɓi haƙurinsa, ɗayan ya juya baya.

Na sayo masa rediyo irin ta kowa, mai labarai da kiɗa. Ba ya kunna ta. Jiya da na dawo na same shi a gindin taga, ya karkata kunne. Jiniya ce ke wucewa can nesa.

"Ba ta huɗu ba ce," ya ce. "Ko kuwa ita ce. Ai ban san kukan sabuwar ba."