Yabon da Ya Raba Gado da Aikinsa

Kai ma kana wurin ranar kasuwa, kada ka ce ba ka gani ba. Na hango ka bayan rumfar masu gishiri. Da aka zo kan maganar Gado, sai ka sunkuya kana gyaran takalmi.

Gado shi ne mai yi wa shanu allura, wanda Baturen likitan dabbobi ya ɗauka gwaji. Da cutar bushiya ta shigo bara, shi ya bi rairayi da ƙafa daga Dogon Dutsi har Sukukutane, garke bayan garke. Inda ya kai, shanu sun tashi. Inda bai kai ba, ungulu ta ƙoshi.

Ranar nan likitan ya tara mu a gindin gawo. Ta bakin tafinta ya ce ko dai ya riƙe Gado ko ya sallame shi, amma sai ya ji daga gare mu.

Ya fara da Sambo, makiyayin da ko maraƙi bai rasa ba.

Sambo ya dubi ƙasa. "To... ba laihi."

"Shi ke nan?" in ji tafinta.

"Yana ƙoƙari dai."

Aka juya ga Baba Sha'ibu, mahaifin Gado. Gado ɗan farinsa ne, don kunya ko sunansa ba ya faɗa. Ya ja rawani ya rufe baki. "Yaron ga? Mi za ni ce? Yana nan dai, kamar kowa."

Likitan ya ɗaga kafaɗa, ya shiga mota. Kafin la'asar an karɓe akwatin allura daga hannun Gado.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa kuke kirana Mushe irin na Faransa, kuma yaro ne a idonku, ba a tambaye ni ba. Na bi Sambo har kara, inda ake cinikin shanu.

"Baffa Sambo, me ya hana ka faɗin gaskiya?"

"Mushe, lakwal ta ɓata ka. In yabe shi gaban kasuwa, baki ya kama shi? In ce shanuna duk sun tsira, gobe in iske su kwance? Don ina son shi na taƙaita."

"Son naka ya raba shi da aiki!"

Ɗantala, dillalin da ke kai shanu har Birnin Kebbi, ya ƙyalƙyale da dariya. "Can Birnin Kebbi, ƙasar da Ingilishi ke mulki, wani akawu ya ce mini Turawansu suna da suna ga wannan: wai kashe mutum da yabo mai sanyi. Su ga abokin gaba suke yi, da gangan. Mu kuwa ga namu muke yi, mu ce kunya."

Dariyarsa ta fi maganar Sambo ƙona mini rai.

Na iske Gado a zaure yana naɗe tabarma. Za shi Kurmi, can kudu, neman dako.

"Ba wanda ya zage ni, Mushe," ya ce. "Da zagina suka yi, da na san abin da zan amsa."

Jiya aka ce bushiya ta sake ɓulla wajen Dogon Kiriya. Likitan zai dawo kasuwa mai zuwa ya ɗauki wani, kuma na roƙi Gado, ya yarda, da ƙyar, ya jira har ranar.

Ka zo. In bakin mutane kake tsoro, ka fara da tubarkalla, sau nawa ka ga dama. Sannan ka ɗaga murya, yadda tafinta ba zai iya rage ta ba, ka gaya wa likita abin da Gado ya yi wa garkenka.