Saniyar Sunan Mardiya

Ni na fara ganin abin, kafin kowa a Kabara. Kafin masu boko, kafin masu rediyo, kafin ɗana Ƙasimu da yake aiki a ofishin ruwa yana sa tabarau. Ni Jibril, wanda 'yan Ƙofar Wambai suke kira Bappa Mai Igiya, ban taɓa zama a aji ba, amma da aka fara yankar saniyar jikata tana tsaye da ranta, ni na gano.

Bari in faɗi yadda saniya ta koma takarda. A gidanmu, ranar sunan 'ya mace kakanta yakan ba ta karsana. Ba a yanka ta, ba a cin kuɗinta. Duk abin da ta haifa na yarinyar ne, ranar da za a kai ta ɗakin miji kuma tare suke tafiya. Mun baro daji tun farin da ya cinye garken mahaifinmu, na shigo birni da sanda da riga ɗaya, amma wannan al'ada ban baro ta a can ba. Da aka haifi Mardiya, 'yar Ƙasimu, na sayi farar karsana na kai ta ruga wajen wani ɗan'uwanmu. Ta yi albarka har ta zama ɗan garke. Sai ɓarayin shanu suka matsa wa yankin, ɗan'uwan ya aiko cewa zai yi kudu, in zo in san yadda zan yi.

A lokacin kowa a Kano hannun jari yake saye. Mai shayi yana da shi, mai wankin hula yana da shi. Ƙasimu ya ce, "Bappa, a saya mata na kamfanin sukari. Shi ma yana ba da riba, kuma ɓarawo ba ya kora shi."

Yayata 'Yardada, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, ta ce, "Jibo, tsufa ne ya fara taɓa ka? Saniyar suna za ka sayar?"

Na ce, "Adda, musanya ce. Kiwo ne dai, wurin kiwon aka sake."

Muka sayar da garken, muka kai kuɗin wani ofishin dillalai a hanyar Bompai, mai darduma har bakin ƙofa. Suka ce duk wata za su riƙa cire kuɗin kula da asusu. Ban damu ba. Makiyayi ma yana shan nonon saniyar da aka ba shi.

Sai kasuwar ta faɗi, ta kwanta shekara da shekaru. Na ga manyan alhazai a Mandawari sun daina fitowa majalisa. Ni ko a jikina. Na ga yaƙi, na ga fari, na ga ranar da aka rufe ƙofofin gari muna jin harbi, farashi ne zai hana ni cin tuwo? Na ce musu rani ne, saniya takan rame, ba mutuwa ta yi ba. Duk sanda takardar ofishin ta zo, Mardiya ce take karanta mini, ni kuwa tambayata ɗaya ce.

"Bar zancen farashi, amarya. Kai nawa ne?"

"Kai dai tsohon mijin nan ka cika naci," in ji ta, sannan ta faɗa.

Rannan ta faɗa, na ji ba haka ta faɗa wancan karon ba. Takarda ta gaba ma ya sake raguwa. Na tura Ƙasimu ya tambayo. Ya dawo ya ce tunda kamfanin ya dakatar da rabon riba, dillalan sukan sayar da ɗan kaɗan daga hannun jarin duk wata su biya kansu.

"Ba sata ba ce, Bappa. Yana cikin abin da muka sa wa hannu."

Na ce, "Ban ce sata ba ce. Nono ya ƙafe, sun koma yankar nama. In muka zuba ido, ranar biki ƙaho za mu raka ta da shi."

Bikin kuwa ya matso. Mardiya ta kawo Sule, wani tela a Mandawari, an sa rana bayan babbar salla. Dangin Sule irinmu ne, na san gwaggwanninsa za su tambayi saniyar amarya kafin su tambayi gado.

Shekarar da bama-bamai suka tashi a gari ke nan. Ana dokar hana fita tun kafin magariba, kowace kwana da shingen sojoji. In ka hau acaɓa kuka zo shinge, sai ka sauka ka ɗaga hannu, mai babur yana turawa. Ƙasimu ya ce in bari gari ya lafa. Na ce ai masu yankar ba su jira gari ya lafa ba. Na ɗauki sandata na fita neman dillalin da ba ya cin kuɗin wata. A shingen farko wani soja ya ce, "Baba, ina za ka da sanda?" Na ce, "Kiwo." Ya yi dariya ya ce in wuce.

Duk ofishin da na shiga, tambaya ɗaya nake yi: in na ɗaure saniyata a wajenku, ban saya ba, ban sayar ba, me za ku ci? Wasu suka ce shekarar farko kyauta ce. Na ce ta biyun fa? Suka fara duban juna. Wasu suka ce ba sa cire komai, amma sai mai kuɗin da ya kai na sayen gida. Wani ofishin na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce masu wurin sun bar gari.

Akwai abin da mahaifinmu ya koya mini a kara, wato kasuwar shanu. In dillali ya gama zuba maka magana, naɗe igiyarka ka juya. Wanda ya biyo ka yana jan rigarka, yunwa yake ji, kuma dabbarka zai ci. To haka na riƙa yi. Wani yaro mai kwat ya biyo ni har bakin titi, wani ya cusa mini kalanda da lemon kwalba. Lemon na sha, amma ban koma ba.

Audu mahauci, wanda yake sayen igiya a wajena, shi ya ambata mini wata mata a Fagge, a saman wani kantin magani. Ambatawa kawai ya yi, ni na je. Na tarar da ita a ɗan ƙaramin ɗaki, ba wuta, tana fifita da mafici. Sunanta Malama Uwani. Na yi mata tambayata.

Ta ce, "Baba, mu la'ada muke ci. Ran da ka saya mu ɗauki kaɗan, ran da ka sayar mu ɗauki kaɗan. Tsakanin nan ko shekara nawa ne, ba mu da komai a kanka."

"To in na ƙi sayarwa har in mutu?"

"Sai mu zo gaisuwa."

Na miƙe ba sallama, na nufi ƙofa ina jan ƙafa. Na tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ba ta kira ni ba. Sai da na sa ƙafa a matakala ta ce, "A sauka lafiya, Baba. A kula, akwai wadda ta karye ta tsakiya." Ko tashi ba ta yi ba.

Da na koma, ta ce ana iya ɗauko hannun jarin daga wancan ofishin a dawo da shi nan, amma Mardiya ta girma, sai ita da kanta ta zo ta sa hannu. Nan aka samu matsala a gida. Da jin an ce sai abin da Mardiya ta so, Gwaggo ta ce a sayar da takardar banza kowa ya huta, a yi wa yarinya gado da kujeru na zamani. Ƙasimu ma ya goyi bayanta.

"Bappa, gari ba lafiya. Wa ya san gobe? Gara abin da za ta gani da idonta."

Ina da amsa, amsoshi ma. Amma a gidanmu wanda ya ba da saniyar suna ba ya sake sa baki a kanta in mai ita ta girma. Na tsallake wuta da yawa a rayuwata, ban taɓa shan wuyar da na sha wajen rufe bakina a makon nan ba. Goro na riƙa cusawa.

Da ranar ta zo muka tafi mu uku da hantsi, ni da Mardiya da ubanta. Malama Uwani ta ce mata hanya biyu ce: a sayar ta karɓi kuɗi, ko a mayar nan a ajiye. Ta faɗa mata gaskiya, in aka sayar yanzu gado da kujeru za su samu, amma ba za a yi ragowa ba. Ni ina kallon silin.

Mardiya ta ce, "Anti, in Allah ya kiyaye wani abu ya sami ginin nan, ina saniyata?"

Tambayar da ni ma na yi niyyar yi ke nan, ta riga ni.

Malama Uwani ta ce, "Ba a ɗakin nan take ba. Akwai wurin da ake rubuta na kowa da sunansa, can Legas. Mu dillalai ne kawai. Ko mun rufe, taki tana nan."

"In na bar ta, ba mai taɓa ko kunnenta?"

"Sai ke."

Mardiya ta dubi ubanta, ta dube ni. Ta ce, "Baba, Sule tela ne, zai yi wa tsofaffin kujerun Umma sabuwar riga. Ramammiyar saniya ba a kai ta kasuwa, ko ba haka ba ne, tsoho?"

Na ce, "Ni ban ce komai ba."

"Ai shi ya sa na tambaya, na ga kana neman shaƙewa."

Ta sa hannu.

Ranar kai amarya, gwaggwannin Sule suka tare ƙofa suna tambayar saniya, kamar yadda na faɗa. An ce mini Gwaggo 'Yardada ce da kanta ta gyara mayafi ta ce, "Tana kiwo a Fagge, wurin da ba a yankar ta. Ku matsa mu wuce." Har yau ba ta yarda ta faɗa ba, amma mata da yawa sun ji.

Kamfanin ya daɗe kafin ya dawo da rabon riba, kuma da ya dawo ba wani abin kirki ba ne. Amma ranar da ta farko ta shigo, sai ga Mardiya har rumfata da goyonta, ɗauke da ƙwaryar fura da nono. Tatsar farko ta mai bayarwa ce, haka muke yi. Na tambaye ta kai nawa ne. Ta faɗa, yana nan yadda muka bar shi.

Wanda yake ganin cika baki nake yi, ya zo Ƙofar Wambai ya tambayi layin masu igiya, ina nan daga hantsi zuwa la'asar. In raka shi Fagge da ƙafata, ya hau benen nan ya yi wa Malama Uwani tambayata, sannan ya juya ya fita. In ta biyo shi, sandata tasa ce.