Kalmasar Siket

Ran da aka fara yi wa Auta allurar ƙara tsawo, uwarta tela ta ɗinka mata siket mai faffaɗar kalmasa, don ta riƙa saki in yarinya ta miƙe.

Da lalurar rashin tsawo aka haifi Auta. Shekararta goma sha uku, amma a layin makaranta ’yan aji uku ne tsararta. Likita ta ɗaga hoton ƙashin hannunta, ta nuna wasu ’yan ramuka tsakanin gaɓoɓi. “Ta nan ƙashi ke girma. In suka rufe, allura ba ta da sauran amfani. Ku riƙa auna ta duk wata. In wata uku suka wuce ba ta motsa ba, kada ku jira ranarku, ku dawo mu gyara maganin.”

Uwa ke allura kullum, Baba ke awo a jikin ƙofar kicin. Duk wata zanen fensir na hawa.

“Zanƙaleliya!” in ji shi. “Saura kaɗan ki riƙa miƙo mana kaya daga saman kabad.”

“Baba, kai ma da kujera kake hawa.”

Wata tara zane na hawa, ba wanda ya yi zancen asibiti.

Ana gobe ranar komawarsu asibiti, uwa ta ɗauko almakashi za ta saki kalmasa. Ta tsayar da Auta. Bakin siket na nan inda yake, daidai tsohon tabon gwiwarta. Ta zaro tef daga wuya, ta auna daga ƙugu zuwa ƙasa, sau biyu. Awon da ta yi bara ne, bai ƙaru ba.

“Je ki wanke kofuna,” ta ce, muryarta kamar ta aro.

Ta tarar da Baba yana goge takalmi.

“Baban Auta, yaya kake awon nan?”

Buroshi ya tsaya a hannunsa. “Ɗan karkata fensirin nake yi. Watan farko da zane bai hau ba ta yi kuka, kin manta? Na ce kafin allura ta kama jikinta...”

“Wata tara?”

Bai ɗago ba.

Ta buɗe durowa ta fito da hoton hannun, ta ɗaga shi saitin taga. Tun a lokacin ma ramukan sirara ne, kamar zaren ɗinki.

Daga kicin Auta ta ƙwala kira, “Mama, ki saki da yawa! Gobe likita za ta sha mamaki!”

Uwa ta dubi almakashin da ke hannunta, ta mayar da shi aljihu.