Shayin Tsoho

Ran nan tsohon da ke gadon bakin taga ya farka garau, bayan ya daɗe ko ruwa ba ya karɓa. Har shayi ya nema, yana tsokanar nas: "Amaryata, yau ba gaisuwa?"

'Yarsa ta ɗauko waya, baki har kunne. "Bari in ce wa Yaya ya fasa tahowa, Baba ya ji sauƙi."

Nas ta zura hannu ƙarƙashin bargo. Allah sarki, ƙafafun sun yi sanyi har gwiwa. Ta sha ganin irin wannan sauƙin, kuma babu allurar da ke hana abin da ke biye da shi.

"'Yar'uwa, ce masa ya taho yau," in ji ta a hankali.

Sannan ta tafi haɗa shayin.